Kunne da Harshe Kafin Manhaja: Shawara ga 'Ya'yanmu Masu Son Haɗa Waƙa

Zuwa ga 'yan uwa mazauna Treichville da Adjame da sauran unguwannin Abijan.

A 'yan shekarun nan wata tambaya ta yawaita a bakin samarinmu, har ta fara isowa zauren manya: wace manhaja ce ta fi dacewa da mai son fara haɗa kiɗa da waƙa? Wasu iyaye kan ji ta su kau da kai, wasu su tsawata, yaro kuwa ya koma wajen abokansa ya karɓi duk amsar da ta samu. Mu a ganinmu tambaya ce da ta cancanci amsa daga gida, domin abin da yaron zai zuba cikin na'urar nan harshenmu ne da sunanmu. Amsarmu a taƙaice ita ce: ya ɗauki manhaja guda ta halal wadda na'urar hannunsa za ta iya ɗauka, ya zauna a kanta, sannan ya ba da mafi yawan lokacinsa ga horar da kunnensa da harshensa.

Garin da muke zaune ma ya ishe mu hujja. Kiɗan zouglou, wanda ya fito daga ɗakunan kwanan ɗaliban jami'a a Yopougon a farkon shekarun 1990, da tafi da ganga da bugun kwalba ya tashi, kafin daga baya 'yan Magic System na Anoumabo su kai shi Faransa da sauran duniya. Haka lamarin yake a gida. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsarkiya ɗaya ya yi wa Hausawa nasiha shekara da shekaru. Mamman Shata da kalangu da 'yan amshi ya yi tashe, har Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Barmani Choge da ƙwarya ta riƙe gidajen biki. Kayan aikinsu kaɗan ne, amma kowannensu ya san kayansa kamar yunwar cikinsa.

To, wace manhaja? Wanda ba shi da komai sai wayar hannu, BandLab kyauta ce, tana ɗaukar murya bisa murya, tana kuma da kayan kiɗa a cikinta, sai dai tana son intanet. Mai riƙe da na'urar Apple yana da GarageBand, ita ma ba a biyan ko dala. Wanda ya samu kwamfuta, ko da 'yar hannu ce daga Black Market ta Adjame, yana iya sauke Audacity kyauta domin ɗaukar murya da yanka ta da tace ta, ko LMMS domin jera bugu da sauti. FL Studio, wadda ta yaɗu a hannun masu haɗa kiɗa a ƙasashenmu, ta kuɗi ce. Samfurinta na gwaji yana barin mutum ya ajiye aikinsa, amma ba zai sake buɗe shi ba sai ya saya, idan kuwa ya saya, duk sabon fitowa kyauta zai riƙa samu. Reaper tana ba da kwana 60 na gwaji, lasisinta na mai ƙaramin ƙarfi kuwa dalar Amurka 60 ne. Duk waɗannan sun wadatar da mai koyo. Abin da ke kashe shi shi ne tsalle daga wannan zuwa waccan duk wata, alhali taura biyu ba ta taunuwa.

Akwai wata hanya da muke roƙon yaranmu su guje mata, wato manhajar sata da ake fasa makullinta a zuba wa mutum a kwamfuta da 'yan kuɗi kaɗan. Sau da yawa takan zo da cutar da ke lalata na'ura ko ta kwashe bayanan mai ita. Ko ba wannan ba, haƙƙin wani ne. Yaron da gobe zai je hukumar BURIDA, wadda aka kafa a 1981 domin kare haƙƙin masu fasaha a Kodebuwa, ya rubuta waƙarsa don kada a ci guminsa, bai kamata ya fara sana'arsa da cin gumin wasu ba, musamman da yake ga na kyauta nan birjik.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Waɗannan manhajoji ba don Hausa aka ƙera su ba. Idan aka buɗe su, bugu huɗu-huɗu suke miƙowa, da sautuka goma sha biyu irin na fiyano, kowane sauti a gurbinsa. Hausa kuwa harshe ne mai hawa da saukar murya, mai dogon wasali da gajere, kuma ma'ana a nan take kwana. Kuka na hawaye da kuka ta miya murya ce kawai ta raba su. Haka wuya na jiki da wuya ta wahala. Gari na mutane da gari na tuwo tsawon wasali ne tsakaninsu. Kalangu yana magana ne saboda makaɗi yana matse tsarkiya ya saki, sauti ya bi hawa da saukar kalma har mai sauraro ya gane kirarin. Yaron da ya fara ɗauko kiɗan da aka riga aka haɗa a wata ƙasa, sannan ya cusa kalmomin Hausa a kai da ƙarfin tsiya, zai ja gajere ya datse dogo, ya ɗaga inda ake saukewa, tsofaffi su saurara su ce ba su ji abin da ya faɗa ba. Idan kuma ya ƙure Auto-Tune, wadda tun 1997 take jan murya zuwa sauti mafi kusa, sai ta share ɗan gangaren nan da ke cikin kalma irin su kai na jiki, waƙa ta fito sumul amma ba ta Hausa ba.

Wannan matsala ta fi tsanani a kanmu fiye da 'yan uwanmu na Kano ko Maraɗi. Can yaro yana tashi cikin Hausa tun daga gida har kasuwa, kunnensa yana yi masa gyara ba tare da ya sani ba. Namu kuwa Faransanci yake yi a makaranta, Julanci a kasuwa, Nushi a bakin titi, Hausa sai in ya shigo gida. Saboda haka abin da ɗan Kano ya samu a banza, ɗan Treichville sai ya nema da gangan.

Ga tsarin da muke ganin ya fi. Da farko bugu: ya kunna ma'aunin taki da ke cikin manhajar, ya riƙa tafi tare da shi kullum har ya daina riga shi ko bin bayansa. Daga nan ya ɗauki waƙa guda ta Musa Ɗanƙwairo ko Narambaɗa, ya saurare ta har ya iya raba gindin waƙa da ɗiyanta, ya gane inda jagora ke tsayawa 'yan amshi su karɓe, ya kuma gwada maimaita bugun kotso da tafin hannunsa. Zai tarar kiɗa da yawa na gida tafiyar uku-uku yake yi, sai ya koyi sauya lissafin manhajar ta bi shi. Na biyu kalma: ya rubuta baitinsa, ya karanta shi da murya kamar mai magana, ya ɗauka a waya, sannan ya nemo karin da ya bi sawun maganar. Baƙaƙen maɓallan fiyano, biyar a kowane zagaye, sun ishe shi farawa, domin waƙoƙinmu da dama a kan sautuka biyar suke yawo. Daidaita ƙarar murya da ta kiɗa shi ne na ƙarshe, kuma ɗaki mai katifa da labule, da dare bayan gari ya yi shiru, ya fi makirufo mai tsada a ɗakin da ke amsa kuwwa.

Kada kuma a manta da dukiyar da ke makarantun zaure. Wanda ya rera Burda ko Ishiriniya a gaban malami ya riga ya ɗanɗani awon baiti, ko da bai taɓa jin sunan Halilu ɗan Ahmadu da ilimin aruli ba. A kan wannan awo na doguwar gaɓa da gajera Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja da Aƙilu Aliyu suka gina waƙoƙinsu. Malamin da zai zauna da yaro sa'a guda ya nuna masa inda baitinsa ya karye ya fi masa bidiyo ɗari na intanet.

Mun san abin da wasu iyaye za su ce: kiɗa hanyar shashanci ce, kuma malamai sun yi magana a kai. Gaskiya ne malamai sun yi saɓani game da kayan kiɗa tun da daɗewa, kowa ya bi malamin da ya natsu da shi. Sai dai babu saɓani cewa batsa da zagi da cin mutunci haramun ne, ko da kiɗa ko babu. Situdiyon yau yana cikin aljihun yaro, tsawa ba ta rufe shi, iyaka ta sa ya daina nuna mana abin da yake yi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gara mu ji baitin tun yana takarda, mu gindaya sharaɗin salla da karatu da tsabtar lafazi, da mu tsince shi yana yawo a wayoyin mutane.

A ƙarshe muna kira ga shugabannin al'umma da ƙungiyoyin matasa. Har yanzu akwai makaɗan kalangu da zabiyoyi da ke raya bukukuwan aure da suna a unguwanninmu, yawancinsu sun manyanta. A haɗa kowane mai koyo da ɗaya daga cikinsu, ya ɗauki kiɗansa da izininsa, ya biya shi abin da ya sawwaƙa, ya koyi yanka da tacewa a kan wannan sautin. Yaro ya samu darasi, dattijo ya samu magaji, al'umma ta samu ajiya. Wanda ya nuna hazaƙa a taimaka masa ya nemi gurbi a makarantar INSAAC da ke Cocody. Fadar Al'adu tana nan bakin ruwa a cikin Treichville, muna wuce ta safe da yamma; babu abin da zai hana wata rana ɗanmu ya hau dandamalinta da Hausar da kakarsa za ta ji ta gane.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sa albarka a harshensu da sana'arsu. Amin.