Mu Hau Dutse Mu Duba Ruwanmu

'Yan'uwa manoma, ina da shawara guda: kowace ƙungiya a ƙasar Birnin Kudu da Gwaram ta keɓe safiya biyu a shekara, ta hau dutsen da ke kusa da garinta. Na san waɗansu za su yi dariya, su ce hawan dutse ai na yara ne da masu kiwon awaki. To, ku saurara tukuna.

Duwatsunmu ba ƙananan abubuwa ba ne. A Dutsen Mesa da Dutsen Habude na Birnin Kudu akwai zanen shanu marasa tozo, wanda mutanen dā suka bari a jikin dutse. Akwai kuma duwatsu masu amo kamar kuge idan aka buga su. Wani Bature mai binciken tarihi, Bernard Fagg, ya nazarce su a 1955, yanzu kuwa suna cikin kayan tarihin ƙasa. Baƙi sukan zo daga nesa domin su gani. Mu da ke gindinsu fa, yaushe rabonmu da hawa?

Amma ba kallo kaɗai nake nufi ba. Mutumin da ke tsaye a gonarsa, gonarsa kaɗai yake gani. Wanda ya hau bisa yakan hangi tafki da fadama da gonakin gari duka a lokaci ɗaya. Zai ga inda aka sare itatuwa har gangare ya yi fili. Zai ga kwazazzabon da ya fara daga nan, ya ratsa gonar wane da ta wane, ya kai yashi bakin tafki. Gani ya kori ji.

Ga yadda abin yake. Ruwan sama idan ya sauka a kan dutse ba ya nutsewa, sai ya gangaro da ƙarfi. In bai sami ciyawa ko saiwar itace ta tare shi ba, sai ya kwashe ƙasa mai kyau da takin da muka sha wahalar sawa. Lakar nan a tafki take kwantawa. Kowace damina tafkin yana ƙara cikewa, sai ya riƙa ƙafewa da wuri. Daga nan mai lambu ya rasa ruwan ban tumatir, makiyayi ya rasa mashaya, rigima kuma ta tashi. Ragowar ruwan ya wuce kogin Jama'are, ya bar mu da ƙishi.

Maganin ba ya bukatar kuɗi da yawa. Manoman Tawa a Nijar da na Yatenga a Burkina Faso sukan jera duwatsu a gicciye bisa gangare, domin ruwa ya rage gudu ya shiga ƙasa. A Maradi kuwa, tun 1983 manoma suka soma barin tohon kututture a gona, suna rage rassa, har itatuwa suka dawo ba tare da dashe ba. Mu duwatsu ba su yi mana ƙaranci ba. Sai dai jerin mutum ɗaya ba ya tare ruwan gangare duka, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saboda haka ku hau sau ɗaya bayan ruwa mai ƙarfi na farko, ku ga hanyar da ya bi. Ku sāke hawa da kaka, sa'ad da tafki ke cike. Ku sanar da mai unguwa, ku gayyaci maƙwabta da Fulani makiyaya, gama ruwan na kowa ne. Ku tafi da sassafe da takalma da gorar ruwa, ku lura da macizai. Kada kowa ya taɓa zanen ko ya hura wuta a kogo. Sakatare ya rubuta wurare uku da suka fi lalacewa, a soma aikin gayya da su kafin damina mai zuwa.