An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Kuskuren Akawu, Horon Tsohon Soja



Yau ja zan yi da wata shawara da ta zama ruwan dare a garuruwanmu, har ta fara kama da hikima. Idan aka tarar da kuskure a takardar sallamar tsohon soja, ko suna ya karkace, ko shekarar haihuwa, ko ranar shiga aiki, abin da ake gaya masa shi ne: "Baba, ka je kotu ka yi rantsuwa, ka mayar da sunanka yadda takardar ta ce, a wuce wurin." Masu wannan magana gani suke sauƙi suka nema masa. Ni kuwa a wurina zalunci ne aka shafa wa hoda. Akawu ya yi kuskure, sai a ce dattijo ya je ya rantse cewa kuskuren ne gaskiya, sunan da aka raɗa masa ran suna shi ne ƙarya. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Mu fara da yadda kuskuren yake shiga. Kafin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, sojojin Najeriya ba su wuce kimanin 10,000 ba. Da aka gama yaƙin sun kai kimanin 250,000. A cikin wata 30 aka kwashi wannan taro, cikin gaggawa, daga ƙauyuka irin su Zauro da Ambursa da Gulma da ƙasar Zuru, wadda kowa ya san ta da ba da 'ya'yanta ga aikin soja. Yawancin samarin nan ba su yi boko ba, ba su da takardar haihuwa. Akawun da ke rubuta su sau da yawa ba ya jin Hausa sosai, keken rubutunsa kuma bai san ɗ da ƙ da ɓ ba. Abin da kunnensa ya ji shi ya buga, wanda aka rubuta kuwa ba zai iya karantawa ba balle ya ce a gyara.

Sannan ga yadda muke kiran suna a ƙasar Kabi da Gwandu. Abubakar shi ne Garba, Usmanu shi ne Shehu, Umaru shi ne Sanda, Muhammadu shi ne Mamman. Fam ɗin da muka gada daga Turawa yana neman sunan iyali, abin da ba mu da shi a wancan tsari, don haka tun zamanin rundunar Afirka ta Yamma da ta je Bama a Yaƙin Duniya na Biyu ake liƙa wa soja sunan garinsu. A ce saurayi ya shiga soja da sunan Garba Argungu. Bayan shekara 50 ya je yin katin ɗan ƙasa, aka tambaye shi sunansa da na mahaifinsa, ya ce Abubakar Usman. Bai yi ƙarya a ko ɗaya ba. Amma kwamfuta mutum biyu take gani. Haka zancen jiha: wanda ya shiga soja daga Zauro a 1968 ɗan Jihar Arewa maso Yamma ne, a 1976 ya koma ɗan Jihar Sakkwato, ranar 27 ga Agusta 1991 ya wayi gari ɗan Jihar Kebbi, alhali ko katangar gidansu ba ta matsa ba. Shi kansa sunan Zauro, hannu mai gaggawa zai iya mayar da shi Zuru.

Wani zai ce, to mene ne abin ɗaga murya a kan harafi ɗaya? Ai takardar sallama ita ce gonar tsohon soja. Da muƙaminsa na ƙarshe da adadin shekarun da ya yi ake lissafa masa garatuti da fansho. Idan aka rage masa shekara guda a ranar shiga aiki, zai iya faɗowa ƙasa da adadin da ake ba fansho a kansa. Idan aka rubuta kofur alhali da igiyar saje ya fita, kowane wata sai an yanke masa wani abu har ya koma ga Allah. Mafi muni shi ne layin da ke faɗin dalilin barin aiki. Tsakanin "an sallame shi saboda rauni" da "an kore shi" ko "ya gudu daga bakin aiki" akwai abincin iyali gaba ɗaya, akwai kuma mutuncin mutum a majalisar ƙofar gida. Bayan ransa, matarsa ce za ta tarar cewa magajin da ke cikin fayil ɗan'uwansa ne da ya rubuta tun yana saurayi, wanda shi ma ya daɗe a ƙasa.

Yanzu mu dawo kan rantsuwar. Rantsuwa iri biyu ce. Akwai ta gaskiya, wadda mutum zai ce Garba Argungu da Abubakar Usman duk ni ne, ga shaiduna. Wannan hujja ce, a haɗa ta da takardar koke a tura. Wadda nake ja da ita ita ce ta biyu, wadda ake sa mutum ya sauya shekarun haihuwarsa ko ya yar da sunan mahaifinsa don ya dace da abin da aka buga bisa kuskure. Rantsuwa a kan ƙarya laifi ce a doka, ba sai an je ga abin da addini ya ce ba. Kuma ba ta kashe wutar, rufe ta take yi da toka. Asalin fayil yana nan da kuskurensa. Takardun gona da fasfon aikin Hajji da takardun makarantar 'ya'ya suna nan da tsohon suna. Ranar da aka zo sabuwar tantancewa, sai a ga mutum guda da shekarun haihuwa biyu, kowace da hatimin kotu. Wanda aka zalunta jiya ya koma abin zargi yau, kuma da hannunsa aka sa ya ɗaure kansa.

Na san hujjar da za a kawo mini, kuma ba zan raina ta ba. Za a ce akwai 'yan fanshon bogi, akwai masu cin kuɗin matattu, akwai samarin da suka ƙara wa kansu shekaru don a ɗauke su da waɗanda suka rage don kada a sallame su da wuri. Gaskiya ne, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Idan aka buɗe ƙofar gyara ba mai gadi, ɓarayi ne za su riga masu haƙƙi shiga. Amma maganin wannan shi ne a sa mai gadi nagari. Toshe ƙofar ɗungum ba ya hana ɓarawo komai, don shi takardunsa tsaf suke, da kuɗi ya sa aka buga masa su ba tangarɗa. Mai takarda mai tabo galibi shi ne na ainihi, wanda aka rubuta a guje aka tura filin daga.

Za a kuma ce ai hanyar gyara tana nan. To mu duba ta da idon dattijo mai shekara 78 a Zauro. Ofishin ajiye bayanan sojan ƙasa yana Lakwaja, a barikin Chari Maigumeri. Hukumar Fanshon Soja tana Dutsen Alhaji a Abuja. Daga Birnin Kebbi sai ya bi Jega da Koko da Yawuri da Kwantagora kafin ya ga Abuja, Lakwaja kuma tana can gaba. Kuɗin mota, kuɗin kwana, kuɗin ɗan rakiya, duk daga aljihun mutumin da ake riƙe wa fansho. Dokar Rundunonin Soja ta tanadi hanyar koke, amma tsani ne da ake hawa ta hannun kwamanda. Wanda ya tuɓe kaki shekara 40 da suka wuce, ina zai ga kwamandansa? Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975 don talaka ya sami wurin kuka, dokarta ta hana ta shiga abin da aka yi wa soja a ƙarƙashin dokar soja. Hanyar da sai mai ƙarfi da mai uwa a gindin murhu ke iya bi, ban ga yadda za a kira ta hanya ba.

Kada kuma a ce mana abin da aka rubuta a fayil ɗin soja ba ya goguwa. A shekarar 2000 Shugaba Olusegun Obasanjo ya mayar da korar sojojin Najeriya da suka yi yaƙi a ɓangaren Biyafara zuwa ritaya. Mataki ne mai kyau na sulhu. A Satumbar 2015 rundunar sojan ƙasa ta sanar da mayar da sojoji 3,032 bakin aiki, waɗanda aka kora a yaƙin Boko Haram, bayan an sake duba shari'unsu. A Disambar wannan shekara aka sassauta hukuncin kisa da kotun soja ta yanke wa sojoji 66 zuwa ɗaurin shekara 10. Ashe alƙalamin da ya rubuta yana iya gyarawa. Sai dai duk waɗannan gyare-gyare na taron jama'a ne, bayan jaridu da lauyoyi sun yi ta kuka, kuma sai da shugaba ya ga dama. Mutum guda da ba shi da lauya, wanda matsalarsa harafi biyu ce, wa zai kafa wa kwamiti?

Wasu ƙasashen sun amsa wannan tambaya tun tuni. A Amurka, wata doka ta 1946 ta ba kowace runduna damar kafa hukumar farar hula mai gyara bayanan soja. Fam guda ake cikawa, ba a biyan kuɗi, ba dole sai da lauya ba, kuma matar mamaci ko magajinsa na iya nema a madadinsa. Da gobara ta cinye fayiloli tsakanin miliyan 16 zuwa 18 a ma'ajiyarsu ta birnin Sen Luwis a watan Yulin 1973, ba su ce wa tsofaffin sojojinsu su haƙura ba. Daga takardun biyan albashi da na asibiti suke sake haɗa tarihin aikin mutum. Idan kuma ana son ganin abin da jinkiri ke jawowa, a dubi sojojin Afirka ta Yamma da suka sa kakin Faransa, irin kakannin maƙwabtanmu na Doso da Gaya. Ranar 1 ga Disamba 1944 sojojin Faransa suka buɗe wuta a kan waɗanda suka dawo daga yaƙi suna neman haƙƙinsu a sansanin Tiyaroye kusa da Dakar, aka rubuta su a matsayin 'yan tawaye. Sai a 2024 Faransa ta amince a rubuta shida daga cikinsu a sahun waɗanda suka mutu dominta. Shekara 80. Gyaran ya zo, masu shi ba su gani ba.

Saboda haka abin da nake kira a kai a fili yake. Majalisar Tarayya ta kafa tsayayyar hukumar gyara bayanan soja da doka, a sa farar hula da wakilan 'yan mazan jiya a ciki, a yanka mata wa'adin ba da amsa, kuma in ta ƙi gyarawa ta rubuta dalili. A buɗe teburin karɓar koke a kowane babban birnin jiha. A Birnin Kebbi ga barikin Dukku nan, ga ofishin ƙungiyar 'yan mazan jiya, wadda aka kafa ta a ƙasa tun 1964. Takarda ta yi tafiyar Lakwaja, tsoho ya zauna gida. A karɓi shaidar abokan bataliya da ta hakimi da tsohon hoto da lambar yabo da katin asibiti. Sojojin da ke bakin aiki yau kuma, kafin a sallami kowa a karanta masa fayil ɗinsa da harshen da yake ji, ya yarda sannan ya sa hannu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sanatocinmu da 'yan majalisar wakilai na Kebbi su ne ya kamata su riga kowa ɗaga wannan magana, don jiharsu ba ta yi rowar 'ya'yanta ga kaki ba.

Kafin nan, mu da Allah Ya ba ilimin riƙe alƙalami muna da abin yi. Idan akwai tsohon soja a gidanku ko unguwarku, ku nemi izininsa ku karanta takardar sallamarsa layi-layi, ku gwada ta da katin ɗan ƙasa da takardun banki tun yana da rai yana iya bayani. Lambar soja ita ce mabuɗi, don suna na iya karkacewa amma lamba ta mutum guda ce. Yawancin waɗanda suka yi yaƙin basasa tasu da 63NA ta fara. In kun ga kuskure, ku rubuta koke gajere mai tsabta: lamba, muƙami, bataliya, abin da aka rubuta, abin da yake daidai, da hujjar da ke tabbatar da shi. Ku tura kwafe, asali ya zauna a gida. Ku ajiye shaidar cewa an karɓa. Kada ku bari ɗan kamasho ya karɓe takardun da sunan zai kai Abuja. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa buƙatar bayani, ku ambace ta inda ta dace.

Ranar 15 ga Janairun kowace shekara ana ajiye furanni, a saki tantabaru, a busa bigila don tunawa da 'yan mazan jiya. Ba ni da ja da wannan. Amma ƙasar da ta iya tuna sojan da ba a san sunansa ba, bai kamata ta kasa rubuta sunan wanda ke raye daidai ba, yana zaune a kan tabarma a Zauro yana jiran amsa.

Wanda ke ganin rantsuwar nan ita ce mafita, ga fili nan, ya kawo hujjarsa mu ji. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.