Kututturen Gona Ya Fi Dashen Biki

Jama'a, kowace damina mukan ga manya sun fito da manyan riguna, an kafa rumfa, an dasa 'yan itatuwa a bakin hanya, an yi tafi an watse. Kafin kaka awaki sun cinye rabi, rani ya ƙarasa sauran, baɗi kuma a sake biki bisa ramin bara. To, haka za a tare hamada, ga zafi yana ƙaruwa, ga damina ta rikice? Mu dai mun ce a'a.

Ku dubi 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram. Bayan farin 1973 gonakinsu suka zama fili fetal, iska tana binne shuka da rairayi. A 1983 wani Bature mutumin Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura tohon da manoma ke sarewa wajen sassabe na kututture ne mai rai, saiwarsa tana can ƙasa. Aka koya wa mutane su bar rassa biyu ko uku mafiya ƙarfi, su datse sauran. Shi suke kira sassabin zamani. Babu ban ruwa, babu shinge, sai wuƙa da haƙuri. Masana sun ƙiyasta ta haka aka rayar da itatuwa wajen miliyan 200 bisa hekta miliyan 5. Lalle da tsohuwar zuma ake magani.

Ga gawo, alal misali. Da damina yakan zubar da ganye, ba ya tare wa gero rana. Ganyen ya zama taki, 'ya'yan su ci da dabbobi da rani. Kowane itace kuwa yana shan iskar kabon mai ɗumama duniya, ya ajiye ta a jikinsa.

Me ya hana manomi barin itace tun da? Doka ce ta ce itacen gonarsa na hukuma ne, in ya taɓa shi malamin daji ya ci shi tara. Wa zai yi renon abin da zai jawo masa tara? Da hukumar Nijar ta sassauta, itace ya zama na mai gona, sai gonaki suka yi duhu.

Saboda haka muna roƙon sarakuna da hakimai da malaman gona na Nijeriya ta Arewa: kuɗin rumfa da lasifika a mai da su ga koya wa talakawa datsar toho, a kuma tabbatar wa kowa itacen gonarsa nasa ne. Allah ya sa mu gane, amin.