Kimiyya a Sauƙaƙe: Idan Lektar Disket Ta Fara Gardama

A shekarun 1990, lokacin da na'ura mai ƙwaƙwalwa ta fara shiga birorin gwamnati, na ayyukan raya karkara da na manyan ƴan kasuwa a jahar Maraɗi, disket ne rumbun ajiyar kowa. A kansa ake zuba jerin albashi, lissafin bashi da takardun cinikin gona. Da aka karya darajar sefa a watan Janairun 1994, kayan waje suka yi tsada, sai disket guda ya riƙa yin aikin biyar: a goge, a sake rubutawa. Yau ga ma'aikaci a Gazawa zai shiga ritaya ana neman wata tsohuwar takardarsa, ko magada a Agye ko Gidan Rumji suna jayayya kan bashin da mahaifinsu ya bari. Shaidar tana cikin kwali a bayan kabad, tsohuwar kwamfutar ma tana nan da ranta, amma lekta, wato akwatin da ke karanta disket, ta karanta da safe ta ƙi da marece.

Maganar ba ta wasa ba ce, domin babu sabo a kasuwa. Kamfanin Sony, wanda ya ƙirƙiro disket mai inci 3.5, ya daina yin sa a 2011, shekarar da Gazawa ta fita daga ƙarƙashin Agye ta zama gunduma mai cin gashin kanta. Gwamnatin Japan ma sai a 2024 ta iya raba ayyukanta da shi.

Cikin kwanson disket akwai faifan roba mai laushi da aka shafe da garin ƙarfe mai riƙe maganaɗisu. Yana juyawa sau 300 a minti, kuma kowace fuska tana da layuka 80 da aka matse cikin faɗin kimanin santimita ɗaya da rabi. Kawuna biyu na lekta, sama da ƙasa, suna gogar faifan kai tsaye. Ke nan ƙwayar ƙura guda, irin wadda hunturu ke tarawa a kowane biro da ke bakin babbar hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, ta isa ta hana karatu ko ta karce layi.

Ƙa'ida ta farko ita ce kada a yi gwaji da disket ɗin da ake jin tsoron rasawa. A nemi wani marar amfani a gwada lekta da shi. Lekta mai datti tana lalata disket mai kyau, disket mai funfuna kuma yana shafa wa lekta dauɗa, ita kuma ta kai wa na gaba. A tura marfin ƙarfen disket gefe a duba faifan a haske: idan an ga fari-fari ko zoben karce, a ajiye shi tukuna. Kafin a saka na gaske, a buɗe ƴar tagar kulle da ke kusurwarsa. Muddin ana hango haske ta cikinta, na'ura ba za ta iya rubuta komai a kai ba.

Idan lekta tana karanta wani sashe ta tsaya a wani, ko allo ya yi ta maimaita tambayar nan ta DOS, «Abandon, Reprise, Echec ?», galibi kawunan ne suka yi datti. A kashe wuta, a cire lekta, a jiƙa ɗan tsinken auduga da alkol mai ƙarfi, a share kawunan a hankali, a bari su bushe. Kada a ɗaga kan sama fiye da inda yake tsayawa, domin ƙarfen da ke riƙe da shi in ya lanƙwashe ba ya komawa daidai. Idan kuma ana jin gurnani ko ƙara mai maimaituwa, sau da yawa man da ke kan dogon sukurun da ke tura kawunan ne ya daskare saboda zafi da shekaru. A goge tsohon, a sa sabo ɗan kaɗan, a nisanta shi da kawunan.

Fitilar lekta da ta kama ta ƙi mutuwa tun daga kunna na'ura tana nuna an juya faffaɗar wayar nan mai haƙora 34. A kashe nan take, kada a saka disket, a daidaita jan layin gefen wayar da haƙori na 1. Akwai kuma wata cuta mai ban mamaki: a canza disket, amma allo ya ci gaba da nuna sunayen takardun na farko. Haƙori na 34 ne ke shaida wa kwamfuta an yi canji, kuma idan ya yi tsatsa ko wayarsa ta tsinke, sai ta rubuta jadawalin wancan a kan wannan, ta rikita shi gaba ɗaya. Sauya waya shi ne magani.

Na'urar da ke manta kwanan wata tana iya manta irin lektar da ke jikinta. Ƙaramin batirin da ke kan babban allon ciki, yawanci mai lamba CR2032, shi ne ya mutu. A sa sabo, a shiga BIOS a zaɓi 1.44. Lektar da ke karanta abin da ta rubuta da kanta kaɗai, ta ƙi na sauran, kawunanta ne suka goce daga layi. A nan akwai abin lura: disketocin da aka rubuta da ita wataƙila ita kaɗai za ta iya karanta su, don haka a kwashe abin da ke ciki kafin a gyara ta ko a jefar.

Sai maganar wuta. A Gazawa ne babbar wayar lantarki da ta taso daga Katsina ke rabuwa zuwa Maraɗi da Damagaram, amma kowa ya san kuran yana hawa da sauka, balle wutar janareta. Lekta mai inci 3.5 da bolt 5 take aiki, kuma in ya ragu sai juyawar ta rikice. Duk wanda zai ceci takardu ya haɗa na'urar da ondilar, ya yi aikin da sassafe kafin ɗaki ya ɗauki zafi.

Babban haɗari yana zuwa ne cikin ladabi. Windows kan ce disket ba shi da tsari, ta tambaya ko a yi masa «formater». Amsa ita ce a'a, kullum. Wanda ya ce i ya share jadawalin da hannunsa. Haka kuma masu faifan Zip na kamfanin Iomega mai ɗaukar mega 100, idan suka ji lekta tana ƙas-ƙas ba ƙaƙƙautawa, su daina ba ta faifai, domin irin wannan lalurar ta yi suna wajen lalata duk wanda aka saka.

Duk wannan gyara manufarsa guda ce: a samu karatu ɗaya mai kyau. Da zarar disket ya buɗe, a kwafe komai, a zuba a kile USB biyu, a buga muhimman takardu a kan takarda, a sa hatimi inda ya kamata. Akwai ƙananan lektoci masu wayar USB da ke karanta disket mai inci 3.5 a sabuwar kwamfuta, amma ba su san mai inci 5.25 ba. Mai irin wannan kada ya sayar wa ƴan gwangwan tsohuwar na'urarsa. Shugaban biro da ke da kwalin disket a kabad ya ware masa mako guda tun kafin a zo nema, domin ba a fafe gora ranar tafiya.