Kakanka Ɗan Ina Ne?

Litinin ɗin da ta wuce na raka ɗan maƙwabcina wata sakatariyar ƙaramar hukuma neman takardar shaidar asali, kuma har yanzu da nake wannan rubutu zuciyata ba ta daina tafarfasa ba. Yaron aikin soja yake son shiga, an ce sai da takardar. Muka ɗauki wasiƙar mai unguwa da hotuna da takardar haihuwa, muka zauna kan benci tun hantsi har aka kira azahar. Da layi ya zo kanmu, ma'aikacin ya duba sunan ƙarshe na yaron, ya ɗago kai ya dube ni.

"Malam, wanga yaro, kakanai ɗan ina na?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, nan aka haife shi, nan aka haifi ubansa. Kakansa ne ya zo daga wajen Ilori lokacin aikin madatsar Bakolori, kuma kabarinsa na nan garin."

"To ai ka faɗi da bakinka. Baƙi na. Shi tai Ilori su ba shi."

Ilori! Yaron da bai taɓa wuce Funtuwa ba. Yaron da Yarbancinsa bai wuce gaisuwa ba, wanda in ya buɗe baki Zamfarcinsa ya fi nawa tsami, wanda uwarsa 'yar garin nan ce gaba da baya, wanda ya yi allo tare da 'ya'yana, ya sha bulalar malami ɗaya da su, shi ne za a tura Ilori neman asali. In ya je can kuma me za su ce masa? Bahaushe ne, ya koma inda ya fito. Ya zama jemage ke nan, ba ya cikin tsuntsaye, ba ya cikin dabbobi. Na dubi fuskarsa da muka fito, bai ce uffan ba, sai naɗe takardunsa yake yi yana sake warwarewa.

Kai ma ka san irin wannan, kada ka ce ba ka sani ba. In bai faru da kai ba, ya faru da ƙanwarka da ta yi aure a wata jiha, wadda jihar mijinta ke ce wa ba tasu ba ce, jihar ubanta kuma ta ce ai ta bi miji. Aikin soja, aikin ɗan sanda, tallafin karatu, gurbin jami'a, aikin gwamnatin tarayya, har kuɗin makaranta a manyan makarantun jihohi, ko'ina sai ka kawo wannan 'yar takarda. Amma ranar karɓar haraji ba wanda ke tambayar kakanka. Ranar zaɓe kuwa har ƙofar gida za a biyo ka da shinkafa da atamfa, a kira ka ɗan'uwa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda muke tutiya da cewa mu kanmu daga nesa muka fito. Zauna da kowane dattijo ka tambaye shi tushen gidansu, ka ji. Bayajidda daga Bagadaza. Gobirawa daga Azbin, wasu ma su ce maka Misra. Toronkawa daga Futa Toro, kakan Shehu Usmanu, Musa Jakolo, daga can ya taso. Zamfarawa su ce daga gabas kakanninsu suka zo suka sauka Dutsi kafin a gina Birnin Zamfara. Kowa na jan salsalarsa har sai ta taɓo Makka ko Yaman, yana faɗa yana hura hanci. To wanda kakansa ya zo daga Bagadaza ɗan ƙasa ne, wanda kakansa ya zo daga Ilori, cikin Nijeriyar nan, baƙo ne? Wane irin lissafi ne wannan? Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Kuma wa ya fi mu sanin ɗacin ƙaura? A tsakiyar ƙarni na 18 Gobirawa ƙarƙashin Babari suka ci Birnin Zamfara, suka kafa Alƙalawa, Zamfarawa suka watsu suna neman wurin fakewa, har sarautar Sarkin Zamfara ta ƙare a Anka inda take yau. Da waɗanda suka tarar a can sun tsare su da tambayar kakanni, da ina za su sa kansu?

Ɗauki mutumin da aka haifa a Bakura a 1960. An haife shi ɗan Jihar Arewa. A 1967 aka ce masa shi ɗan Jihar Arewa maso Yamma ne. A 1976 ya wayi gari ɗan Jihar Sakkwato. Ranar 1 ga Oktoban 1996 Janar Sani Abacha ya yi jawabi, ya koma ɗan Jihar Zamfara. Bai gusa daga ɗakin da aka yanke masa cibi ba, amma an sauya masa asali sau uku. Jiya shi ɗan gida ne a Sakkwato, yau ɗansa baƙo ne a can, aka raba ma'aikata, kowa ya tattara ya koma "jiharsa". Sojoji ne suka ja layi da biro a kan taswira, mu kuma muka ɗauki layin muka mai da shi kamar wahayi.

Kundin tsarin mulkin 1999 ma baki biyu gare shi. Sashe na 42 ya hana a nuna wa ɗan Nijeriya bambanci saboda ƙabilarsa ko inda ya fito. Sashe na 147 kuma ya wajabta a ɗauko minista daga kowace jiha, ya kasance ɗan asalinta. Ga hukumar raba daidai da aka kafa a 1996 tana ƙirga guraben aiki jiha jiha. Na san dalilin da ya sa aka yi haka, kuma ba na raina shi: an ji tsoron waɗanda suka riga mu boko su kwashe komai. Amma maganin da aka ba mu ya zama cuta, domin an bar wa akawu ɗaya a bayan tebur ikon ya ce wane ɗan ƙasa ne, wane ba ɗan ƙasa ba. Kuma kowa ya san mai kuɗi ba ya zama kan benci. Takardar na iske shi har gida.

Kwanan baya wani ɗalibina ya nuna mini a waya yadda Amurkawa ke haukar neman asali. Mutum ya tofa yawu a 'yar kwalba, ya aika wa kamfani irin su AncestryDNA, ya biya kuɗi, a aiko masa cewa kashi kaza na jininsa daga Jamus ne, kashi kaza daga Italiya, kashi kaza daga Nijeriya. Baƙaƙen fatarsu kam ina tausaya musu, domin bauta ce ta yanke musu igiya, ko sunan kakan kakansu ba a bar musu ba. Shi ya sa littafin Alex Haley mai suna Roots, da ya fito a 1976 yana jan zuriyarsa zuwa ƙauyen Jufure a Gambiya, ya girgiza su, shi ya sa suka yi ta tururuwa zuwa Gana a 2019 da aka gayyace su su dawo gida. Amma ka lura da abu ɗaya. Sakamakon yawun nan a bango suke rataye shi, ba ofis suke kai shi ba. Gyara na 14 da aka yi wa tsarin mulkinsu a 1868 ya mai da wanda aka haifa a ƙasar ɗan ƙasa, kuma ɗan jihar da yake zaune a cikinta. Inda yake zaune, ba inda kakansa ya yi noma ba.

Ba wanke Amurka nake yi ba, tasu ƙazantar ta ishe su. Sun tasa Barack Obama gaba da maganar ba a can aka haife shi ba, saboda ubansa mutumin Kenya ne, har sai da ya fito da cikakkiyar takardar haihuwarsa a 2011. Wanda ya fi kowa kururuta zancen, Donald Trump, kakansa daga Jamus ya zo, uwarsa daga Sikotland, kuma shi ne a Janairun 2025 ya sa hannu kan umarnin neman hana 'ya'yan wasu baƙi zama 'yan ƙasa. Cutar ɗaya ce, ko'ina wanda ya riga shiga shi ke son rufe ƙofa. Duk da haka Wally Adeyemo, da aka haifa a Ibadan, ya riƙe muƙamin mataimakin sakataren baitulmalin Amurka daga 2021 zuwa 2025, muka yi ta tafi muna cewa namu ya samu. Mu da muke tafin, za mu yarda jikan mutumin Ibadan ya zama ko masinja a sakatariyarmu?

Kuma an taɓa yin hankali a ƙasar nan. Malam Umaru Altine, Bafulatani daga ƙasar Sakkwato, mai fataucin shanu, shi ne magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950, kuma Inyamurai ne suka zaɓe shi. Yau faɗi wannan a majalisar shayi, a ce ƙarya kake yi.

Mu ne kuma masu kuka da ƙarfi idan an yi wa namu. Hausawan Jos sun haura shekara ɗari a can, ana hana su wannan takarda, an zubar da jini a 2001, an zubar a 2008, an zubar a 2010, muka ce zalunci ne, kuma zalunci ne. Aka ƙone wa namu dukiya a kasuwar Shasha ta Ibadan a Fabrairun 2021, muka ce ai ƙasar ta kowa ce. Gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Gana a 1969, Hausawan zango da dama suka dawo da ƙullin kaya a ka, har yau tsofaffi na ba da labari. Idan an yi mana, zalunci. Idan mu muka yi, kare haƙƙin 'yan ƙasa.

To bari in tambaye ka, kai ɗan asalin da ba a taɓa tuhuma ba: me asalin ya tsinana maka? Mutanen da aka tasa daga gidajensu da gonakinsu na fadama a ƙasar Maradun don a gina madatsar Bakolori, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya kammala a 1978, ai ba baƙi ba ne. Kakannin kakanninsu na kwance a ƙasar da ruwa ya shanye. Da suka tare hanya suna neman diyya, a Afrilun 1980 aka turo musu 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka buɗe musu wuta. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan, mutanen wurin suka ce ɗaruruwa ne. Ba wanda ya tsaya duba tsagen fuskarsu.

Garuruwan nan uku, Bakura da Talata Mafara da Maradun, kowanne ya ba da gwamna. Bakura ta ba da Ahmad Sani Yarima daga 1999 zuwa 2007. Talata Mafara ta ba da Abdul'aziz Yari daga 2011 zuwa 2019. Maradun ta ba da Bello Matawalle daga 2019 zuwa 2023. Shekara ashirin mulki na hannun 'yan asalinmu, ba baƙo ko ɗaya. Amma a 2021 kaɗai aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a Fabrairu, aka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura a Agusta, aka ɗebi ɗalibai a makarantar Kaya ta Maradun a Satumba. Waɗannan yara duk suna da kakanni a nan. Jikan mutumin Ilori ne ya hana a tsare su?

Yanzu kuma cutar ta shigo cikin ɗaki. Buɗe Facebook ka ga yara da ba su san sunan kakarsu ta wajen uwa ba suna rantsuwa su Hausa zalla ne, wasu na rantsuwa su Fulani tsantsa ne, kowa na zagin uwar wani. Zalla a ina? A ƙasar da aka shafe ɗaruruwan shekaru ana auratayya, ana ba da nono a karɓi hatsi? Kakata ta wajen uwa Bafulatana ce, kakana na wajen uba Bazamfare ne mai tsage har kunne. Wane rabin jikina zan yanke? Kuma zancen bai tsaya a waya ba. An kashe manomi a gonarsa don shi Bahaushe ne, an tare makiyayi a kasuwa an kashe shi don kamanninsa, alhali shi ma an sace masa shanu. Da can asali abin wasa ne da zumunci: Bafulatani ya tsokani Babarbare, Bagobiri ya tsokani Bayarabe, a yi dariya, a ci tuwo. Mun karɓe shi daga hannun taubasai mun miƙa wa masu bindiga da 'yan siyasa.

Mutanen ƙauyukanmu da suka gudu, wasu na kwana a kangaye a Mafara da Gusau, wasu sun tsallaka har jihar Maraɗi, suna haihuwa a can. Nan da shekara ashirin wani akawu zai dubi ɗaya daga cikin yaran nan ya tambaye shi kakansa, ya ce ya koma ƙauyen da babu kowa cikinsa sai kufai.

Jiya da magariba uban yaron ya zo ƙofar gidana, ya ce, "Malam, a bar maganar nan, an ce akwai wanda zai yi mana ita in an ba shi na goro." Na ce masa ko sisi ba za mu bayar ba. Kakan yaron nan ya ɗauki siminti a kansa a Bakolori, mu muka yi masa wanka, mu muka sallace shi. Gobe da sassafe zan ɗauki yaron mu je wurin hakimi, in ya sa hannu mu koma kan bencin nan. Saura kwana tara a rufe karɓar takardu.