Miliyan biyu a kan kwamfutar da ba a buɗe cikinta? Ni dai ban yarda ba

Jama'a, kwana uku ke nan muna ja-in-ja da wani ƙanena, ɗan baffana, har ta kai jiya ya tashi daga shagona ko sallama babu. Na san zai karanta wannan, kuma so nake ya karanta. Ba zan kama sunansa ba, amma maganar ta wuce shi kaɗai, don na ga matasa da dama a nan Malam Madori da Haɗejiya sun kamu da irin wannan zazzaɓi.

Yaron ya gama karatu, ya iya zane a kwamfuta, hannunsa na da kyau, wannan ba a ja. Katin biki, fosta, kalandar Islamiyya, gyaran hoto, duk yana yi. Baffa ya sayar da shinkafar da ya noma, ya haɗa da kuɗin sa guda, ya ce ga jari, a buɗe wa yaro shago. Shi kuma gogan ya ce duk duniya ba abin da yake so sai iMac, wannan kwamfutar ta kamfanin Apple da komai nata ke cikin allo, siririya kamar faranti, mai launi-launi. Wai idan kwastoma ya shigo ya gan ta a kan tebur zai san ba wasa aka zo yi ba.

Na ce masa kwastomanka na Malam Madori abin da ya sani shi ne katinsa ya fito ranar Alhamis tunda ɗaurin aure Juma'a ne. Ko da dutsen guga ka zana masa, ba ruwansa.

Ya ce, “Yaya, kai dai ka tsufa da tsoron kaya masu kyau.”

To, bari tsohon ya yi bayani.

Ban ce na'urar ba ta da kyau ba. Ƙarya ma ke nan. Allonta mai inci 24 ne, hoto a kansa tar kamar ka taɓa, ba ta da ƙara, kuma ba ta shan wuta sosai, wanda mai sola ya san darajar hakan. Duk na yarda. Rigimata da ita ɗaya ce: yadda ka saye ta haka za ta mutu. Tun daga 2021 da Apple ya fito da samfurin mai injin M1, RAM ɗinta a haɗe yake da ƙwaƙwalwar injin, ba a cirewa, ba a ƙarawa. Ma'ajiyar fayil ɗin ma a liƙe take da bod. Gilashin gaba kuwa da gam aka manne shi, sai an yanka kafin a ga cikinta. A da, babbar iMac mai inci 27 tana da 'yar ƙofa a baya da mutum zai buɗe da hannunsa ya ƙara RAM. A watan Maris na 2022 suka daina yin ta. Sun rufe ƙofar, da gangan, kuma ba su ɓoye ba.

Mu zo kan kuɗi. Samfurin 2024 mai injin M4, mafi araha a cikinsu, dala 1,299 aka sa masa a Amurka, da RAM giga 16 da ma'ajiya giga 256. Ka buga a canjin naira 1,500, ka kusa miliyan biyu, ba a yi maganar dako da kwastan da ribar ɗan kasuwa ba. Giga 256 ga mai gyaran hoto da bidiyon biki! Bukukuwan bayan Sallah kaɗai sun cika ta. Idan kana son giga 512, sai ka ƙara dala 200, kuma a ranar saye za ka yanke shawara, ba bayan shekara biyu da kasuwa ta buɗe ba. Wato ana so yaron da bai taɓa riƙe shago ba ya san tun yau abin da zai buƙata nan da shekara biyar. Wa ya san wannan? Ni da na shekara goma sha a wannan sana'a ban sani ba.

Kuma kar mu manta a wace ƙasa muke. A farkon 2023 dala a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba. Bayan an saki naira a watan Yunin shekarar, kafin mu farga a 2024 ta haura 1,500. Duk abin da gyaransa sai an yi odar kaya da dala, ka sani ba kai ke riƙe da shi ba, canji ke riƙe da kai.

Abin da ya sa nake zafi a kan maganar nan, na taɓa ƙonewa ne. A 2019 na sayi irin wannan mai haɗe da allo, ba ta Apple ba, ta wani kamfani daban, 'yar Beljiyam. Na ɗora ta a gaban shago ina jin kaina. Shekara biyu ta yi lafiya. Sai zafin watan Afrilu ya haɗu da ƙurar hunturun da ta taru a cikinta, fanka ta fara kuka, tana mutuwa da kanta ana tsakiyar aiki. Tsohuwar kwamfutata mai akwati, duk wata sai in kwance ƙusa biyu in hure ta da bulowa, shi ke nan. Wannan kuwa na juya ta gaba da baya ban ga ta inda zan shiga ba. Wata rana aka kawo wuta da ƙarfi, sitabilaiza bai tare ba, allo ya ɗauke. Na kai wa masu gyara a Haɗejiya, yara ne masu basira wallahi, suka ce injin lafiyarsa lau, abin da ke ba allon haske ne ya ƙone, kuma babu irinsa a nan. Na naɗe ta da bargo na rungume a mota har Kano kamar mai kai mara lafiya asibiti. Na zaga Beirut Road shago-shago. Aka ce in bari za a nemo daga Legas. Sati biyar. Kuma lokacin rajistar JAMB ne, lokacin da mai shago irina ke samun abin da zai ci har damina. Ina zaune ina kallon yara suna wucewa shagon gaba.

Da mai akwati ce, allo ya mutu, in aro na maƙwabci in ci gaba da aiki kafin la'asar. Wannan shi ne bambancin gaba ɗaya. A mai haɗe, ciwon ido ciwon dukan jiki ne. Allo ya fashe, ka rasa kwamfuta. Inji ya tsufa, ka rasa allo mai kyau da ka biya kuɗinsa da tsada, don sababbin iMac ba sa karɓar hoto daga wata kwamfutar ta waya yadda wasu tsofaffinsu na kafin 2015 suke yi. Ka sayi abu biyu, an ɗaure su da igiya ɗaya, ɗaya ya faɗa rijiya ya ja ɗayan.

Abin da ya fi ba ni mamaki, ɗan manomi ne fa. Ya tashi yana ganin yadda iyayenmu ke zaɓen injin ban-ruwa a fadama. Ka taɓa ganin manomin rani ya sayi inji don fentinsa? Tambayarsa ta farko ita ce, akwai kayansa a Haɗejiya? Fiston, ringi, kafireto, filogi, idan ya tsaya ranar da alkama ke jin ƙishi, wa zai taɓa shi kafin yamma? Haka ɗan acaɓa yake tunani kafin ya sayi Boxer. Haka direbobin hanyar Kano suka riƙe Golf da Sharon shekara da shekaru, ba don sun fi kowace mota kyau ba, sai don ko a ina ta tsaya akwai bakaniken da ya san cikinta. Mutanen da ba su yi boko ba sun gane wannan lissafi sarai. Sai mu da muka yi, idan aka zo kan kwamfuta, hankalin ya tafi hutu.

Sannan ga ruwa. Wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta 2022 a ƙasar Haɗejiya ba sai an ba shi labari ba. Mun ga yadda aka kwana ana cika buhuna da ƙasa ana tare jinga, mun ga mutane suna kwashe abin da hannu zai iya ɗauka. A irin wannan dare, mai laftof ya sa ta a jaka ya fita. Mai akwati, ko bai iya ɗaukar komai ba, ya zare ma'ajiyar ya sa a aljihu, aikin mutane na shekaru ya tsira. Mai iMac fa? Hotunan bikin mutane, takardun makarantu, duk suna liƙe a jikin bod. Bod ya sha ruwa, sai dai a yi wa juna jaje. Za a ce ai sai ya riƙa ajiyewa a intanet. Da wane data, da wane sabis? Ku gwada tura bidiyon biki mai giga 20 daga nan ku dawo mu yi magana.

Ƙanena ya kawo hujjar da ya ɗauka ta kashe bakina. Ya ce ai ma'ajiya ta waje ana sayarwa, a jona da waya. Gaskiya ne. Amma mafi arahar iMac ramuka biyu gare ta a baya, kuma duka irin ƙananan nan ne na USB-C. Filashin da kwastoma zai miƙo maka mai babban kai ne. Firintarka haka, sikana haka. Sai ka sayi abin rarraba ramuka, ka jona wannan, ka jona wancan, tebur ya cika da wayoyi kamar bayan talabijin ɗin gidan kallon ƙwallo. To ina kyan da aka biya miliyan biyu dominsa?

Ya kuma ce kayan Apple ba sa lalacewa. Suna da ƙarko, ban musa ba. Amma ƙarkon da aka auna a ofis mai na'urar sanyaya ɗaki da wutar da ba ta rawa daban yake da ƙarko a shagon kwano a Malam Madori, inda zafin bazara ke haura digiri 40, wuta ta zo yanzu ta ɗauke anjima, janareta na tari. Kuma ita ba batir gare ta ba. Wuta ta ɗauke, ta ɗauke da aikinka, sai ka tanadi inbata ko UPS, wani kuɗin ke nan da ba ya cikin lissafin yaron.

Su kansu Turawan da ke da shagon kamfanin a bayan gidansu sun gaji. Faransa a Janairun 2021 ta tilasta a riƙa manna wa wasu kayan lantarki, har da wayoyi da laftof, maki na sauƙin gyara, daga sifili zuwa goma, mai saye ya gani kafin ya biya. Tarayyar Turai ta yi dokar haƙƙin gyara a 2024. Mutanen da ke da kuɗi da wuta da garanti suna faɗa a bar su su buɗe kayansu, mu da ba mu da ko ɗaya muna rububin wanda aka manne da gam.

A nan zan ɗan karkata, ku yi haƙuri. Ba matasa kaɗai ke da wannan ciwo ba. Ku shiga ofisoshi ku ga irin kwamfutocin da ake jibgewa a teburin manya, masu tsadar gaske, an lulluɓe da leda, aikinsu bai wuce buga wasiƙa ba, wata ma ba a taɓa kunna ta ba. Kuɗin guda ɗaya zai sayi masu akwati da yawa a zuba wa 'yan sakandare da za su shiga jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 a kwamfuta ake yin ta, alhali wasunsu ranar jarrabawar suke fara taɓa linzami. Wannan maganar wata rana ce.

Don kar a ce na hana ban ba da mafita ba, ga abin da na faɗa masa a gaban baffa. Ka sayi mai akwati, ko 'yar Beljiyam ce, amma ka duba da kyau. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 a ƙa'ida tana son injin Intel daga zubi na takwas zuwa sama, don haka kar wani ya liƙa maka tsohuwar da aka kwashe daga ofisoshin Turai don ta daina karɓar sabuntawa. Ka sa mata SSD, ka fara da RAM giga 16, ka tabbata akwai ramin ƙari. Ka sayi allo mai kyau daban, a nan kam kar ka yi rowa, tunda launi ne sana'arka. Ragowar kuɗin ka sa a firinta mai kyau da sola da batir, ka bar wani abu na takarda da tawada da hayar wata shida. Firinta ce ke kawo kuɗi a shago irin wannan, duk wanda ke sana'ar ya sani.

Idan kuma zuciyarka ta nace sai Apple, akwai Mac mini, ɗan ƙaramin akwatinsu, wanda samfurin 2024 ya fito a dala 599, ƙasa da rabin kuɗin iMac, da irin injin nan na M4. Shi ma ba a ƙara masa RAM, kar in yaudare ka. Amma aƙalla allonka naka ne, in ɗaya ya mutu ɗaya na nan, kuma ranar gudun ruwa zai shiga jakar hannu.

Ya ce Mac mini ba ya ɗaukar ido.

Baffa dai bai ce komai ba, yana ta jan carbi. Da muka fito ya riƙe hannuna ya tambaye ni abu ɗaya: “Wannan da yaron ke so, in ta lalace, akwai mai gyaranta a Haɗejiya?” Na ce masa a'a, Baffa, sai Kano, wani abin ma sai an jira Legas. Ya gyaɗa kai ya shiga gida. Kuɗin har yanzu suna hannunsa, kuma ranar Asabar ni da yaron za mu shiga Kano, in bai fasa tafiya da ni ba bayan ya karanta wannan.