Kada Mu Koya Wa 'Ya'yanmu Rowa Da Sunan Tsaro

Sanin kowa ne cewa a yau da wuya a sami babbar ikilisiya a biranen Arewa wadda ba ta da makarantar nazare a harabarta, ko da kuwa ɗaki ɗaya ne a jingine da majami'a. Tun a tsarin ilmi na ƙasa na 1977 gwamnati ta amince da karatun share fage, amma ta bar ɗawainiyarsa a hannun ƙungiyoyi da masu zaman kansu, sai a dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 aka sa kula da ƙananan yara cikin nauyin da ke kan hukuma. Ikilisiyoyi sun shiga wannan aiki da ƙarfinsu, sun kuwa yi abin yabo. To, amma akwai wani darasi da yara ke ɗauka kullum a waɗannan makarantu, wanda ba ya cikin jadawali, ba a kuma rubuta shi a allo, shi ne muke so mu jawo hankalin iyaye da malamai a kansa. Lokacin tara ake koyon sa, sa'ad da aka buɗe kulolin abinci.

A aji guda za ka ga yaron da aka cika wa kula da shinkafa da ƙwai, ga biskit a aljihu, kusa da shi wani yana riƙe da ƙosai biyu a leda, na uku kuma ya kifa kai a kan benci wai barci yake ji. Barcin nan kuwa malama ta san ko na mene ne. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kayan masarufi suka tashi, har a tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. Shirin ciyar da 'yan makaranta da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2016, 'yan aji ɗaya zuwa uku na firamaren gwamnati aka yi wa shi, bai taɓa isa ɗakin nazare na ikilisiya ba. Wato idan akwai wanda zai lura da yaron nan mai kifa kai, to, ɗan'uwansa ne da ke zaune a gefensa.

Amma me aka gaya wa ɗan'uwan nasa kafin ya bar gida? A gidaje da yawa gargaɗin safiya guda ne: kada ka karɓi abin kowa, kada ka ba kowa naka. Uwa takan faɗa tana ɗaure wa yaro takalmi, ta sake faɗa a bakin ƙofa. Yaro ɗan shekara uku ba ya rarrabe dalili, umarni kawai yake ji, don haka sai ya juya baya ya rufe kularsa da hannu yana ci, yana harara.

Ba mu ce iyaye ba su da hujja ko kaɗan ba. Wasu tsoron cuta suke yi, kuma wanda ya ga annobar kwalara ta 2021, wadda ta kashe fiye da mutum 3,000 a Nijeriya, mafi yawansu a jihohin Arewa, ba zai raina wannan tsoro ba. Sai dai maganinsa sananne ne, ba shi da tsada: buta da sabulu a bakin aji, ruwan sha mai tsabta, kowane yaro da kofinsa da cokalinsa. Wasu kuma gudun kwaɗayi suke yi, kada ɗansu ya saba da miƙa hannu yana cewa "sam mini". Wannan ma tarbiyya ce mai kyau, muddin ba a haɗa ta da hana bayarwa ba.

Babban dalilin shi ne wanda ba a cika faɗa a fili ba, ko da yake kowa ya san shi: tsoron maita. An cika kunnuwan iyaye da labarin cewa ta alawa ko biskit ake shigar da yaro ƙungiyar asiri, kuma wai yara ne ake aikowa su ba 'yan'uwansu. Muna faɗa da baƙin ciki cewa wani lokaci daga kan bagade ake ƙara wa wannan magana gishiri. Ya kamata mu tsaya mu dubi abin da take haifarwa. Idan aka ce wa yaro abokinsa na iya ba shi maita a cikin ƙosai, an riga an gaya masa cewa wani ɗan shekara huɗu a ajinsu maye ne, saura kawai a nuna shi. Wa ake nunawa kuwa? Kusan kullum maraya ne, ko ɗan da kishiyar uwa ke riƙo, ko mai farfaɗiya, ko wanda yunwa ta sa idonsa ya faɗa. A Jihar Akwa Ibom abin ya kai ga korar yara daga gida da azabtar da su, har a 2008 aka kafa dokar da ta mai da kiran yaro maye laifin da ake ɗaure mutum a kai. Ba a wayi gari ɗaya aka kai can ba, da irin wannan raɗa aka fara. Mu da muke karanta wa yara a makarantar Lahadi labarin yaron nan na sura ta 6 a Linjilar Yohanna, mai gurasa biyar na sha'ir da kifi biyu, me za mu ce masu ranar Litinin da safe in muka hana su yin abin da muka yabe shi a kai ranar Lahadi?

Akwai kuma kuskure na ɗaya ɓangaren, wanda malamai masu kyakkyawar niyya ke yi. Anti ta ga wani yana kuka, sai ta ƙwace ƙwallo ko biskit daga hannun mai shi ta raba, ta bi shi da "marowaci, Allah ba ya son rowa". Abin da yaron ya koya a nan shi ne, babba na iya ƙwace abinka, mai kuka kuma shi ke samu. Gobe sai ya ɓoye abin nasa a bayan banɗaki ya cinye.

Masu binciken halayyar yara sun auna wannan al'amari, kuma abin da suka samu ya kamata malamanmu su sani. A 2006, a ƙasar Jamus, Felix Warneken da Michael Tomasello sun nuna cewa yara 'yan wata 18 sukan tashi da kansu su ɗauko wa baƙo abin da ya faɗi daga hannunsa, ba tare da an roƙe su ba. A 2008 suka sake gwadawa da 'yan wata 20, suka tarar cewa waɗanda aka riƙa ba tukuici don sun taimaka, taimakonsu ya ragu daga baya, alhali waɗanda ba a ba kome ba suka ci gaba. A shekarar 2008 ɗin dai Ernst Fehr da abokan aikinsa suka gwada yara 229 a Suwizalan, suka ga 'yan shekara uku zuwa huɗu galibi kansu suke fara dubawa, sai wajen shekara bakwai zuwa takwas son raba daidai yake kafuwa. Saboda haka ɗan nazare da ya ce "nawa ne" ba mugu ba ne, shekarunsa ke nan. Sa'an nan a 2013, a Jami'ar Cornell ta Amurka, Nadia Chernyak da Tamar Kushnir suka tarar cewa yaron da aka bar wa zaɓi, ko ya riƙe abinsa ko ya bayar, kuma ya bayar, ya fi yin kyauta daga baya a kan wanda aka umarta ya bayar. Tsofaffinmu ba su yi wannan awo ba, amma uwar da ke miƙa wa ɗanta kwanon tuwo ta ce "kai wa maƙwabta", ta bar shi ya ji godiyar da kunnensa, a kan hanya guda take da su.

Abin takaici shi ne wannan makaranta ta gida tana rufewa. Ciyayya tsakanin gidaje ta ja baya a birni, inda kowa ya ja katanga ya sa ƙofar ƙarfe. Cin abinci a kwano ɗaya, inda yaro ke koyon cin gabansa da barin nama sai babba ya raba, ya zama sai a ƙauye. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Yaron da bai taɓa ganin kwano ya fita daga gidansu zuwa wani gida ba, waƙar kyauta da ake koya masa a aji ba za ta wuce leɓensa ba.

Bisa ga haka muna kira ga kwamitocin makarantunmu da su sa wannan magana a taron iyaye da malamai na farkon zango, a faɗe ta ƙarara, har da batun maitar, fasto ko fada yana zaune. A cikin aji, kayan makaranta kamar lilo da ƙwallo da fensir mai launi a bi da su layi-layi, kowane yaro ya san zai gama nasa kafin a karɓa, na bayansa kuma ya san nasa na zuwa. Abin da yaro ya zo da shi daga gida kuwa nasa ne, a tambaye shi, kada a ƙwace, in ya ƙi a ƙyale shi ba tare da gori ba.

Yunwar yaro dai ba a ɗora ta a kan kular wani yaro, aikin manya ne. Zumuntar mata da ke iya ciyar da ɗaruruwan baƙi a taron shekara ba za ta kasa tukunyar kunu ko fate sau biyu a mako ba, daga masara da waken da ake tarawa a bikin godiyar kaka. A dafa a makaranta a gaban idon iyaye, kowane yaro ya sha, mai kula da marar kula, don kada a gane wa aka yi dominsa. Rabon kofuna kuma a ba yaran su yi shi bi da bi, a fara da wanda ya saba zuwa hannu wofi, domin shi ma ya ji an ce masa "na gode".